Talabijin a ruga: Wuta ta samu, hoto ya fito, saura labarin gida

A daren Lahadi, 11 ga Fabrairun 2024, na kalli wasan ƙarshe na gasar cin kofin ƙasashen Afirka a inda ban taɓa tsammani ba, wato a wata ruga da ke tsakanin Kiyawa da Jahun. Na je ne duba 'yan shanun mahaifina da ke hannun wani dattijon Bafulatani, aminin gidanmu tun muna yara. Hira ta yi daɗi, rana ta faɗi, na fara jimamin cewa wasan Najeriya da Kwaddibuwa zai wuce ni. Sai ɗansa, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ce, "Malam, ai ba sai ka koma Dutse ba." Ya shiga bukka ya fito da akwatin talabijin mai inci 24, ya ɗora a kan turmi, ya jona wa batir. Faranti kuwa yana nan ɗaure a jikin wani guntun ƙarfe da aka kafa a bayan garke. Mun sha kashi da ci 2 da 1, amma hoton bai ko girgiza ba har aka tashi.

Turawa suna da wani ɗaki mai taya da suke ja da mota idan za su yawon hutu, kuma masu irin wannan ɗaki suna da tambayoyi biyu da ba sa ƙarewa: da me za a kunna talabijin a inda babu wutar gwamnati, kuma yaya za a kamo hoto alhali kullum ana sauya masauki? Su nishaɗi ne ya kai su. Makiyayinmu da mai noman rani da ya tare a fadama da mai shayin bakin tasha, rayuwa ce ta ɗora musu waɗannan tambayoyi, kuma sun amsa su ba tare da wani ya koya musu a aji ba.

Maganar wuta lissafi ce, kuma rashin sanin lissafin ne ke sa mutane asara. Tsohon akwatin nan mai ƙeya, wanda muka taso muka gani a gidajen ma'aikata, yakan ci wat 70 zuwa 100. Na zamani mai inci 24 bai cika wuce wat 30 ba, dikoda kuma kamar 10. Idan aka haɗa su aka yi kallon awa biyar, an ci 200 ke nan a ma'aunin wat na awa. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da kimanin 1,200 a wannan ma'auni, sai dai irin wanda aka fi samu a kasuwanninmu, mai darma a ciki, ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa. Duk da haka saura 600, ninki uku na abin da ake bukata. Faifan sola mai wat 100, a irin ranar da Allah Ya hore wa Jigawa, zai mayar da abin da aka ci kafin la'asar, har a yi wa maƙwabta cajin waya.

To ina matsalar take? Na farko, mutane da yawa batirin mota suke saye saboda arha. Shi kuwa an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, sannan motar ta cika shi nan take. In aka mayar da shi abin da ake tatsa a hankali kowane dare har ya ƙare, 'yan watanni zai yi ya mutu, mai shi ya ce sola ƙarya ce. Na biyu, inbata. Ana ɗaga wutar batir zuwa bolt 230, sannan talabijin ɗin ya sake sauke ta a cikinsa, a kowane hawa da sauka ana zubar da wani kaso. Saurayin nan ya huce wa kansa wannan, domin nasa akwatin kai-tsaye yake shan bolt 12. Akwai kuma 'yar na'urar da ke shiga tsakanin faifai da batir don hana caji ya wuce kima, wadda masu son rage kuɗi kan tsallake, su yi kuka daga baya. Sai ƙurar hunturu: faifan da ba a goge shi, rabin aiki yake yi. Na ga ƙanwarsa tana share nasu da tsumma da sassafe kamar yadda ake wanke ƙwaryar nono.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ƙaramin janareta ya zama kayan ado a gidaje da dama, kuma masu gidajen kallon ƙwallo a garuruwanmu sun fi kowa sanin haka. Abin da wa'azin masana muhalli ya kasa yi cikin shekaru, tsadar lita ta yi shi cikin watanni.

Kamo hoto kuwa, a nan ne abin ya fi burge ni. Taurarin ɗan'adam da ke watsa talabijin suna saman tsakiyar duniya ne, a nisan kilomita kusan 36,000, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganin kamar a tsaye suke. Mu da muke arewa da wannan layi, farantinmu ɓangaren kudu yake kallo, ya ɗan karkata gabas ko yamma gwargwadon tauraron da ake nema. Kuskuren da bai kai faɗin yatsa biyu ba ya isa ya ɓatar da hoton. Na tambaye shi yadda yake yi duk lokacin da suka tashi. Ya ce da zarar sun sauka, alƙibla yake fara nema, kamar kowane Musulmi. Daga nan ya san iya juyin da zai yi zuwa hannun dama. Sai ƙaninsa ya zauna gaban akwatin yana faɗa masa lambar ƙarfin sigina, shi kuma yana gusa farantin a hankali har ta cika. Ba ya kafawa a ƙarƙashin gawo ko tsamiya. Da damina kuma, in hadari ya haɗu sosai, haƙuri ake yi, don ruwa mai ƙarfi yana shanye irin wannan sigina. Ina da ɗaliban da suka ci jarrabawa a kan waɗannan abubuwa, amma ban tabbata rabinsu za su iya abin da ya yi da sifana ɗaya ba.

Bayan an tashi wasa, na karɓi rimot na bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Na ga wa'azi, na ga finafinan Indiya da aka fassara, na ga labaran Larabawa da na Turawa, na ga tashoshin Hausa masu shiri daga Kano da Abuja. Ban ci karo da ko ɗaya da ke magana a kan Jigawa ba. Dattijon ya san sunan mai tsaron gidan Najeriya a daren nan, amma labarin allurar shanu ko ranar da za a buɗe wata makiyaya, sai dai ya ji a kasuwa ko a rediyo.

Dalilin a fili yake. Tashar da ke watsa shiri daga doguwar hasumiya a ƙasa, siginarta kusan miƙe take tafiya, ba ta iya ratsa tudu. Garin da sunansa ma Dutse ne, ba sai an yi wa mazauninsa dogon bayani ba: wanda ke bayan duwatsu sai ya ɗaura eriya a kan gora mai tsawo, iska ta kaɗa ta juya, yaro ya hau katanga yana tambaya ko ya fito. Wanda ya yi nisa da hasumiya kuwa yayyafi kawai zai gani. Saboda haka duk mai hali ya koma faranti, shi kuma faranti abin da ke kan tauraronsa kaɗai yake kawowa.

An yi mana alkawarin gyara. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Janiba a 2006 ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin ranar da ƙasashen yankinmu za su bar tsohon tsarin watsa talabijin su koma na dijital, wanda ke ba da hoto garau da tashoshi da yawa a kan zango guda. Najeriya ta saɓa wa'adin. An ƙaddamar da gwaji a Jos a 2016, aka zo Kano a ƙarshen 2021, mafi yawan jihohi kuwa suka ci gaba da jira. Yankin da ya fara kallon talabijin daga Kaduna tun 1962 bai cancanci wannan tafiyar hawainiya ba.

Wani zai ce ai rediyo ya wadatar, kuma ban musa ba. Har gobe shi ne abokin manomi da makiyayi. Amma akwai abin da sai an gani. A ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje da rayuka a garuruwan da ke bin kogin Haɗeja, taswira guda da ke nuna inda ruwa ya kawo da inda ya dosa ta fi dogon jawabi amfani ga wanda ke shawarar ko ya kwashe iyalinsa. Haka alamomin cutar dabbobi, haka tsutsar da ke cin masara, haka iyakar burtali da gona, wadda jahiltarta ke jawo zubar da jini.

Abin da nake roƙon mahukuntan jiharmu bai kai kuɗin gina hasumiya a kowace masarauta ba. A tabbatar tashar jiha tana kan tauraron da farantan talakawa suka riga suka kalla, kyauta, ba tare da kuɗin wata ba, kuma a sanar da masu saita faranti lambobinta. A ware mata sa'o'i da Fulatanci, a lokacin da shanu suka dawo, ba da hantsi ba. Cibiyoyin koyar da sana'a kuma su ɗauki haɗa sola ƙarama da saita faranti a matsayin darasi na sosai, don a rage wa mutane asarar batir.

Da safe, kafin in kama hanya, na tambayi saurayin inda za su nufa idan ciyawa ta ƙare. Ya ce wataƙila kudu, wajen Gwaram. Faifan da akwatin a kan jaki suke tafiya, an naɗe su da bargo, batir kuma a kan babur saboda nauyi.