Koyon Aikin Mataimakin Nas a Amurka da Kuɗi Kaɗan

Mataimakin nas, wanda ake kira CNA a Amurka, shi ne ke yi wa tsoho ko majinyaci wanka, ya ciyar da shi, ya riƙa juya shi a kan gado don kada kwanciya ta jawo masa gyambo, ya auna zafin jikinsa da bugun jininsa, sannan ya sanar da nas duk sauyin da ya gani. Baƙi da dama, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma, ta wannan ƙofa suke shiga aikin lafiya, domin horon na makonni ne kawai.

Wata dokar tarayya ta 1987 ce ta shimfiɗa ƙa'idar horon ga gidajen jinyar tsofaffi da ke karɓar kuɗin inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicare ko Medicaid: aƙalla sa'o'i 75, kuma 16 daga ciki dole ɗalibi ya yi su da hannunsa a gaban nas. Kowace jiha tana iya ƙarawa. Kalifoniya na neman sa'o'i 160. Daga nan sai jarrabawa kashi biyu, ta rubutu da ta gwada aiki, kafin a sa sunan mutum a rajistar jiha.

Hanya mafi sauƙi ga aljihu tana cikin dokar kanta, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba. Wanda gidan jinya ya riga ya ɗauka aiki, ko ya yi masa tayin aiki kafin ranar fara karatu, bai halatta a karɓi ko sisinsa ba, ko na darasi, ko na littattafai, ko na jarrabawa. An yarda gidan ya ajiye shi yana aiki har wata huɗu kafin ya kammala. Wanda kuwa ya biya da kansa, sannan ya samu aiki a irin wannan gida cikin wata 12 bayan kammalawa, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa bisa lissafin da jihar ta tsara. Saboda haka adana rasit yana da muhimmanci ƙwarai.

Akwai kuma kwalejojin al'umma, waɗanda galibi sun fi makarantu masu zaman kansu rangwame. Cibiyoyin neman aiki na gwamnati suna biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin horo a ƙarƙashin dokar WIOA ta 2014, wasu makarantun sakandare ma suna koyar da shi a ajin sana'a.

Kafin a biya komai, wajibi ne a duba ko sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda jihar ta amince da su, a hukumar lafiya ko ta ma'aikatan jinya. Araha ba ta ado: kwas ɗin da aka gama kacokan ta intanet, babu taɓa majinyaci, ba ya cika sharaɗin aikin hannu. A kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da yunifom, gwajin tarin fuka, binciken tarihin laifi da rajistar jarrabawa, domin nan ne farashi ke kumbura.

Takardar shaidar aikin ma ba ta zama haka nan. Wanda ya shafe wata 24 a jere bai yi aikin jinya na albashi ba, sai ya sake jarrabawa, a wasu jihohin har da horon gaba ɗaya.