Tsohuwa Ta Tafi Da Labarinta

 A wannan mako zan ba ku labarin wata asara da na jawo wa gidanmu da sakacina, don kada wata ta sake yin irinta.

Kakata wadda ta haifi mahaifiyata mutuniyar ƙasar Maiyama ce, aure ya kawo ta Jega tun tana yarinya. A ɗakinta na tashi. Da dare in an gama cin tuwo sai ta jawo mazarinta, tana kaɗi tana zance, ni kuwa ina kwance ina gyangyaɗi. Ta sha faɗa mini ranar da ta fara ganin kasuwar Jega, ta ga mutane sun cika sun batse, har ta riƙe zanen gwaggonta don tsoro. Ta sha faɗa mini yadda ta faɗo daga bakin rumbu ta karye a hannu, aka aza ta bisa jaki aka kai ta Aliero wurin masu ɗori, ta dawo gida da hannu a ɗaure da kuma ƙunshin albasa da matar mai masaukinsu ta ba ta. Akwai kuma ƙanwarta guda da aka ba wata gwaggonsu riƙo, suka yi kudu wajen ƙasar Yauri, tun daga nan ba su sake haɗuwa ba. Sau ɗaya tak na ji ta ambaci sunan garin, muryarta tana rawa.

Wata rana ina makarantar sakandare na ce mata, "Kaka, bari in ɗauko littafi in rubuta." Sai ta yi dariya ta ce, "Ke kishiya, mi za ki yi da zancen tsohuwa? Tafi ki yi karatunki." Ni kuwa na bi maganarta, na ce ai gobe ma rana ce. Da Allah ya yi mata rasuwa, mahaifiyata ta so a aika wa 'ya'yan ƙanwar nan su ji, aka tambayi kowa a gida sunan garin, ba wanda ya sani. Duk aka juyo ana dubana, domin ni ce 'yar ɗakinta. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo, sunan bai zo ba, har yau bai zo ba. Watau wani reshe na danginmu ya yanke ke nan saboda kalma guda da ban rubuta ba.

To, ku ji labarin wata tsohuwa da nata bai ɓata ba. Sunanta Baba, mutuniyar ƙauyen Karo, wajen iyakar Kano da Zazzau. An haife ta a 1877, tun kafin zuwan Turawa. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta da sarauta, ungozoma ce kamar waɗanda muka sani a unguwanninmu. A shekarar 1949 zuwa 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta sadu da wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta biyo mijinta aikin binciken zaman Hausawa. Suka shaƙu. Baba tana faɗa, Baturiyar tana rubutawa da Hausa, daga baya ta juya shi da Turanci. Ta faɗi wasannin ƙuruciyarta, da ƙawayenta, da aurenta har huɗu, da yadda mahara suka kama waɗansu danginta aka fanso su da kuɗi, da yadda Allah bai ba ta haihuwa ba ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta rasu a 1951. Littafin ya fito a Ingila a 1954, ba ta gan shi da idonta ba, amma har yanzu masu son sanin yadda matan Hausa suka zauna a wancan zamani gare shi suke komawa.

Ku duba fa. Tarihin maza an rubuta shi. Muna jin labarin Malam Abdussalami na Gimbana, da ɗansa Buhari wanda ya kafa Jega, da fataken goro masu zuwa Gwanja da suke yada zango a kasuwarta. Amma wa ta dama furar da fataken nan suka sha? Wa ta kaɗa zaren da masaƙa suka saƙa? Yaya mata suka ciyar da yara a shekarun yunwa? Wannan yana cikin bakin tsofaffinmu, kuma kullum ana binne shi kaɗan-kaɗan.

Na san wata za ta ce, ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, mace mai kunya ba ta tallar rayuwarta. Gaskiya ne, magana zarar bunu ce. Amma sirri daban, tarihi daban. Laifin kishiya, da abin da ya gudana tsakanin mace da mijinta, da aibin wanda yake raye, waɗannan a bar su a ciki. Sunan garin da aka haife ki, da sana'ar uwarki, da wahalar da kika sha kika tsallake, da wanda ya taimake ki ranar da ba ki da kowa, waɗannan hakkin 'ya'yanki ne. Yarinyar da ta ji yadda uwarta ta yi haƙuri da rashi, ita ma ranar da nata ya zo ba za ta ɗauka a kanta aka fara ba.

Saboda haka ga shawarata gare ku 'yan makaranta. Ki sami littafin rubutu guda ki keɓe shi. Ki je wurin kakarki lokacin da hankalinta yake kwance, ki taya ta tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa, sa'an nan ki nemi izininta. Kada ki ce, "Ba ni tarihinki," domin za ta ce ba ta da shi. Ki ce, "Kaka, me aka sa miki a gara ranar aurenki?" Daga nan zance zai jawo zance.

Tsofaffi ba su ƙidaya shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙidayawa. In ta ce shekarar samun mulkin kai, ki rubuta 1960. In ta ce shekarar da aka kashe Sardauna, 1966 ke nan. In ta ce shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, 1973. In kuwa ta ce shekarar da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, 1991. Kuma kun sani kunya ba za ta bar ta ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba. Kada ki matsa mata, ki tambayi wata gwaggo, ki rubuta sunan yanka da laƙabi duka. Sunan gari kuwa ki sa ta maimaita har sau biyu. In kin ɗauki muryarta da wayar hannu madalla, amma ki kwafe a littafi, domin waya tana lalacewa, ana kuma sace ta.

Abu na ƙarshe shi ne gaskiya. Ki raba abin da ta gani da idonta da abin da ta ji an ce. Kada ki ƙara gishiri. In gidanku na masaƙa ne ko na masunta, ki rubuta haka nan, kada ki mai da shi na sarauta, gama ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma jikokinki za su fi amfana da gaskiya ko da ba ta da ado.

Ku kuma iyaye mata, in 'yarki ta zo da littafi da alƙalami kada ki kore ta kamar yadda kakata ta kore ni cikin wasa. Ki zaunar da ita ki faɗa mata. Ni dai yanzu kowace Juma'a da yamma ina wurin mahaifiyata da littafina, mun kusa cika na biyu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.