Ko Kun Sani? Ranar da Murtala ya yi wa Amurka tsaye a kan Angola

Ko kun san cewa wani shugaban Amurka ya taɓa aiko wa Nijeriya wasiƙa, gwamnati ta buga ta a jaridu tare da martani mai zafi?

A ranar 11 ga Nuwamban 1975 Angola ta samu 'yanci daga Fotugal, alhali ƙungiyoyi 3 na gwabza yaƙi a kan mulki: MPLA ta Agostinho Neto, FNLA ta Holden Roberto da UNITA ta Jonas Savimbi. Da farko Nijeriya gwamnatin haɗin gwiwa take so. Amma da ta tabbata sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun kutsa ƙasar suna mara wa UNITA baya, sai shugaban Nijeriya, Murtala Muhammed, ya canza shawara. Kafin watan ya ƙare ya amince da gwamnatin MPLA, ya bi ta da tallafin dala miliyan 20.

Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuta wa shugabannin Afirka yana neman kada su bi wannan sahu. Murtala ya ɗauki hakan a matsayin raini. Ya tafi taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a Janairun 1976 da kansa, ya faɗa wa manyan ƙasashe su cire hannunsu daga harkar nahiyar.

Taron ya tashi kunnen doki a kan amincewa da MPLA, ƙasashe 22 a kowane ɓangare. Cikin Fabrairu ƙungiyar ta karɓi gwamnatin MPLA, kwanaki kaɗan kafin a kashe Murtala a Legas ranar 13 ga watan.