Finafinan masu karanta zuciya, da 'yan duban da ke cin kuɗin masu neman 'yan uwansu

Ranar Talatar da ta wuce, bayan an tashi daga aji, wani ɗalibina ya tsaya bai fita ba. Sai da kowa ya watse sannan ya ce, "Malam, wai da gaske akwai wanda zai riƙe hannunka ya san abin da ke ranka?" Na ce ina ya ji haka. Ashe fim ya kalla a wayar abokinsa. Da na ƙara matsa masa, sai maganar ta fito: yayansa yana Madani lokacin da garin ya faɗi a watan Disamban 2023, kuma tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yanzu mahaifiyarsu tana zuwa wurin wani mai duba.

Irin finafinan da yaron yake nufi sun cika wayoyin samarinmu a nan Gadarif, wasu da rubutun Larabci a ƙasa, wasu an fassara su da Hausa a Kano. A The Dead Zone na 1983, wani malamin makaranta ne ya farfaɗo daga doguwar suma, da zarar ya taɓa mutum sai ya ga abin da zai same shi. A Minority Report na 2002, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni, wasu mutum uku ne ke hango kisan kai tun kafin a yi shi. Ni ma na kalla, kuma ba zan ɓoye ba, suna riƙe mutum a kujera. Sai dai labarai ne da marubuta suka ƙirƙira.

Wanda nake so iyaye su sani shi ne Nightmare Alley na 2021, domin shi tona asirin sana'ar yake yi. Jarumin ba shi da wata baiwa. Shi da mataimakiyarsa suna da kalmomin sirri da take sanar da shi abin da 'yan kallo ke riƙe da shi, sauran kuma yana karantawa daga takalmi da tufafi da fuskar mutum. Da ya ga kuɗi, sai ya koma kan wani alƙali da matarsa waɗanda ɗansu ya mutu a yaƙi, ya ce yana magana da mamacin. Ƙarshen gidan nan bai yi kyau ba.

Masana sun daɗe da gwada wannan dabara. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan'adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne. Yawancinsu suka ce ya faɗi daidai, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, cike da maganganun da za su dace da kusan kowane mutum. A 1986 James Randi ya bankaɗo wani mai wa'azi, Peter Popoff, wanda ke kiran sunayen marasa lafiya da cututtukansu a taro: matarsa ce ke karanta masa ta wata 'yar na'ura a kunne. Gwamnatin Amurka ma ta kwashe shekaru tana kashe kuɗi kan masu da'awar hangen nesa da zuciya, a shirin da aka sani da Stargate, ta rufe shi a 1995 bayan bincike ya nuna bai ba ta wani bayanin da za ta yi aiki da shi ba.

To mai duban unguwarmu ma haka yake aiki, ko da wuri yake jefawa ko ƙasa yake bugawa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, garin nan ya cika da mutanen Khartum da Jazira. Macen da ta shigo masa da jajayen idanu, tana magana da harshen mutanen Madani, ai ba sai an gaya masa ta rasa wani ba. Zai ce, "Ina ganin namiji, ina ganin tafiya." Ita da kanta za ta cike masa sauran. Daga nan sai a kawo kuɗin turare, gobe kuɗin rago, har abin da aka samu a yankan riɗi ya ƙare.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Aya ta 59 a Suratul An'am ta nuna cewa mabuɗan gaibu suna wurin Allah Shi kaɗai, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Duk da haka ban ga amfanin zagin uwar da ke neman ɗanta ba. Gara a nuna mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Hilal Ahmar ta Sudan da kwamitin Red Cross na duniya suna da sashen neman waɗanda yaƙi ya raba da danginsu, kuma ba sa karɓar ko sisi.

Washegari na yi wa ajina gwajin Forer da takardun da na rubuta da hannuna. Da na ce kowa ya duba ta maƙwabcinsa, sai dariya ta ɓarke. Ɗalibin nan nawa bai yi dariya ba. Ya ninke tasa ya sa a aljihu, ya ce zai karanta wa innarsa. Mun yi da shi ranar Lahadi zan raka su ofishin Hilal Ahmar da hoton yayansa. Allah Ya bayyana shi, da duk waɗanda ake nema.