Iyakar giya a jinin direba: abin da doka ta ce

'Yan'uwa da yawa a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi suna zaton maganar tuƙi cikin maye ba ta shafe su ba, tunda an hana sayar da giya a Zamfara bayan da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Amma wannan doka daban, dokar hanya daban. Ta hanya dokar tarayya ce, ba ta tambayar addinin direba, kuma tana bin sa duk jihar da ya shiga, ko bikin aure ya je ko hutun Kirsimeti.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da wannan. Iyakar da ƙa'idojin hanya suka sa ita ce kashi 0.05 cikin ɗari, wato rabin giram na barasa a kowace lita ɗaya ta jini. Faransa ma haka take, Ingila kuwa ta tsaya a 0.08. Jami'ai suna aunawa da na'urar da direba ke hurawa, domin barasar da ke cikin jini tana fitowa a numfashi. Wanda ya wuce iyaka yana fuskantar tara, ana iya gurfanar da shi a kotu. Mai babur ma direba ne a idon doka.

Rabin giram ɗin nan ba shi da wuyar cika. Babbar kwalbar giya ta santilita 60 mai ƙarfin kashi 5 tana ɗauke da barasa wajen giram 24. Namiji mai nauyin kilo 65 da ya shanye ta da sauri, ciki ba abinci, zai iya kai bakin iyakar da kwalba ɗaya tak. Mace mai nauyi ɗaya da shi takan riga shi kaiwa. Burukutu ta fi wuyar lissafi, domin ba wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin ƙwaryar.

Hanta ce ke fitar da barasa, kuma ba a hanzarta ta: kusan 0.015 take ragewa a awa guda. Goro, shayi mai kauri da wanka da ruwan sanyi suna buɗe ido kawai, jinin yana nan yadda yake. Saboda haka wanda ya sha da yawa da dare zai iya kama hanyar Gusau da asuba yana kan laifi, shi kuwa yana jin kansa garau. A gudun kilomita 80 a awa, mota tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, giya kuma daƙiƙar nan take fara sacewa kafin ƙafa ta kai birki.

Dokar ta haɗa da ƙwayoyi masu sa maye, irin su tiramol da kodin, waɗanda na'urar hurawa ba ta kama su.