Gwada Injin Jirgin Ruwa da Farfelar Gwaji

Masunta da masu fito a Yawuri, da tafkin Kainji, da Baga a bakin tafkin Cadi, da yawansu sun dogara da injin da ake ɗaurawa a bayan jirgi. Sau da yawa makaniki yakan gyara inji a tudu, ya tayar da shi, a ji ƙara lafiya lau. Amma da an shiga ruwa an sa giya, sai inji ya mutu. Idan wannan ya faru a tsakiyar kogi, jirgi cike da mutane ran kasuwa, to rayuka na cikin haɗari.

Dalili shi ne, injin da ba ya jan kaya ba ya nuna ciwonsa. Kamar jaki ne. Ba a sanin ƙarfinsa sai an aza masa mangala.

Saboda haka ne masu ƙera inji suka yi farfelar gwaji. Tana sa inji ya ji nauyi kamar yana tura jirgi, alhali ba ta tura shi ko'ina. Da ita ake iya buɗe wa inji mai har ƙarshe a cikin tankin ruwa. Farfela ta kullum ba ta yin wannan aiki da kyau a tanki, domin takan watsar da ruwa, ta ja iska, inji ya riƙa hawa da sauka. Kowane irin inji da tasa farfelar gwaji. Ta ƙaramin inji ba ta yi wa babba.

Kafin a taɓa farfela, a cire wayoyin fulogi don kada inji ya tashi. A cika tanki har ruwa ya rufe faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela. Kada a kuskura a tayar da inji babu ruwa ko da na ɗan lokaci ne, domin robar famfon da ke sanyaya shi za ta ƙone. A yi aikin a fili saboda hayaƙi, yara kuma su ja baya.

Idan inji ya yi ɗumi, sai a sa giya. A cikin giya ake daidaita kafireta, har inji ya riƙa tafiya a hankali ba tare da ya mutu ba. Daga nan a ƙara mai, ana duba agogon da ke ƙirga juyin inji. Misali, Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 ana so ya juya sau 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya idan an buɗe mai duka. Idan bai kai ba, a duba fulogi, da matacin mai, da kafireta.

Wani amfanin kuma, gwajin yana raba gardama tsakanin makaniki da mai jirgi. Idan inji ya cika juyinsa a tanki amma ya kasa a kogi, laifin ba nasa ba ne. Wataƙila farfelar jirgin ta lanƙwashe, ko ta yi masa girma, ko kuwa lodi ya yi yawa.

Inda babu farfelar gwaji, mai jirgi ya ɗauki makaniki su gwada inji kusa da gaɓa, da irin nauyin da jirgin ya saba ɗauka, kafin a ɗebi fasinja.