Shin Kwamfuta Ce Ta Zana Hoton Baƙin Rami?

A ranar 10 ga Afrilu, 2019, masana taurari suka fitar da hoton farko na baƙin rami, wanda ke tsakiyar tarin taurari na M87. Babu na'urar hangen nesa guda da za ta iya hango shi, don haka aka haɗa na'urorin rediyo takwas, daga Chile da Hawaii har Sifaniya da Antatika, suka yi aiki tare cikin Afrilun 2017. Kowace tasha ta naɗi sigina tare da agogon atom, aka kwashi faya-fayan ajiya a jirgi; na Antatika kam sai da suka jira hunturu ya wuce.

Masu shakka na cewa kwamfuta ce ta zana hoton, tunda tashoshi takwas ba su rufe faɗin duniya ba, dole aka cike giɓi. An cike ɗin, amma ba da ka ba. Ƙungiyoyi huɗu suka yi aikin ba tare da leƙen juna ba, duk suka samu zobe iri ɗaya, mai haske ta kudu. An kuma ciyar da manhajojin haɗa hoton da bayanan gwaji na siffofin da ba zobe ba, don a ga ko za su ƙaga zobe inda babu shi. Ba su ƙaga ba.